Battar Iya a Gindin Randa

Ayyuka da yawa sun bi ta hannuna a sana'ar kafinta, wasu ko masu su ban iya tunawa, amma bazarar da na gyara battar kakata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko na so mantawa, bayan hannuna na dama ba zai bar ni ba, don har yau akwai tabon inda na yi ta susa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Gezawa, irin ƙauyukan da gonar wannan ke jingine da ta wancan, duk nisan da ka yi kana hango rufin wani gida. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma ni ko gaisuwa ban iya da Barbarci ba. Abin da ya rage mana na can shi ne turaren wuta, shi ma a hannun kakata ya rage, wadda muke kira Iya. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. Saboda wasan jika da kaka ba ta kiran sunana, sai "maigida", in kuma na zo hannu biyu ta ƙara da "marar cefane".

Turarenta na musamman a cikin wata batta take ajiye shi. Batta ce mai murfi, girmanta bai wuce kwanon miya ba, ja a waje, baƙa wuluk a ciki, da zanen wani reshe mai furanni a kan murfin. Ba ta da nauyi, ba ta da sanyin tangaran, santsinta kuwa ban taɓa jin irinsa a jikin wani katako ba. A Makka ta samo ta tun kafin a haife ni. Wata mata 'yar ƙasar Sin ce ta ɓace wa 'yan uwanta, zafi ya kayar da ita kusa da inda su Iya suka sauka. Iya ta ja ta inuwa, ta ba ta ruwa, ta zauna da ita har mutanenta suka gano ta. Ban da sallama da Fatiha babu kalmar da suka haɗa. Da za a rabu matar ta dawo da battar nan ta danƙa mata, Iya kuma ta ba ta kwalbar humra. Tun ina yaro nake ganin battar a naɗe da ƙyalle, a wani ɗan gurbi cikin bangon ƙasa, daidai saman randar ɗakinta. Mun ɗauka tsarin tsofaffi ne kawai, babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Shekarar da abin ya faru idon Iya ya riga ya tafi, ga ciwon zuciya. Bayan kaka aka kwantar da ita a asibiti a birni. Baffana, ƙanin mahaifina, ɗan kasuwa ne a Kano, kuma duk cikin 'ya'yanta babu mai rawar jiki a kanta kamarsa. Kafin a sallamo ta ya sa an ƙarasa mata sabon ɗaki na bulo da rufin kwano da ƙatuwar taga ta gilashi, don a cewarsa uwarsa ta gama kwana a ɗakin ƙasa. Aka kwashe kayanta aka jera. Battar aka warware mata ƙyalle, aka ɗora a teburi gindin taga, yadda za ta miƙa hannu daga gado ta ɗauka. Ni da kaina na haɗa teburin. Kullum bayan azahar rana na sauka a kan battar har la'asar sakaliya, mu masu ido ba mu ga aibu ba, mai ita kuma ba ta gani.

Wata Juma'a cikin rani na shiga gaishe ta, tun daga ƙofa na ji wani abu ya canza, ɗakin ba ƙamshi. Ta sa na zauna, ta laluba ƙarƙashin matashi ta miƙo min battar. Murfin ya tsage daga gefe, jan fatar ta ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunya, ɓangaren da ke kallon taga ya dushe. Wani ɗan yanki kamar farce ya ɓalle, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Amana ce, maigida," in ji ta. "Ranar da matar nan ta ba ni, ta nuna rana da yatsa ta girgiza kai. Shekara da shekaru ban bari rana ta gan ta ba. In muka haɗu gobe kiyama, me zan ce mata?"

Matar da ke kula da ita ta gaya min tun ranar da yatsanta ya kama tsagar ta daina kunna turare, abinci ma sai an yi da gaske take kai loma biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai gyaran katako gidana ya zo, gobe war haka za ta karɓi kayanta.

Bakina ne ya faɗa, amma da na kai ta shago na zauna ina jujjuya ta, sai na rasa ta inda zan fara. Na ɗiga tinna a ƙasanta inda ba a gani. Tinnar da ke narkar da duk wani fenti da na sani, ko gezau ba ta yi mata ba. A nan na gane abin da ke hannuna ya fi ƙarfin sanina, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina da ƙanwa, 'yar Baffan nan, da ke karatun likita a ƙasar Sin. Na ɗauki hotuna ta kowane gefe na tura mata, na ce ko za ta yi yawon gari duka ta nemo min wanda ya san wannan aiki. Ta yi mita, ta ce ita likitanci aka tura ta koya, amma ta nema. Ta samo wani dattijo da ya tsufa yana gyaran irin waɗannan kaya a wani ɗan shago. Daga nan muka shiga karatu ta waya: ni in tambaya, ita ta je ta tambayo, ta turo min amsa da murya.

Dattijon ya ce abin da ke jikin battar ruwan bishiya ne. Ana tsaga ɓawon wata bishiya ta ƙasarsu, ta riƙa tsiyayo da farin ruwa kaɗan-kaɗan kamar nonon tinya, a tara a tace da ƙyalle. Cikin battar siririn katako ne, aka liƙa masa ƙyalle, aka yi ta shafa ruwan nan shafi bisa shafi, kowanne sai ya ƙame an goge shi kafin a ƙara wani. In ya ƙame ruwan zafi ba ya cin sa, gara ba ta cin sa, yakan ga jikoki da tattaɓa-kunne. Abu biyu ne ba ya shiri da su. Hasken rana yana cinye masa fuska, busasshiyar iska kuma tana sa katakon ciki ya tsuke, fatar ba ta iya binsa, sai ta tsage ta ɗago. Wato sabon ɗakin Baffa ya haɗa mata duka biyun. Ya kafa min sharuɗɗa: kada in shafa mata mai, kada in wanke ta, kada samfefa, takardar nan ta goge katako, ta kusance ta, kuma kada in taɓa inda bai lalace ba. Sai ya ƙara da wanda ya ba ni dariya. Wai ruwan bishiyar ba ya bushewa a rana, sai a wuri mai laima da ɗumi, cikin inuwa.

Ku duba min fa. Mu mutanen da komai namu shanya ne! Hatsi shanya, barkono shanya, kuɓewa, wanki, tubali, har kujerun da nake fesa wa fenti a rana nake jera su. Yanzu a ce min in ina so abu ya bushe in kai shi inda ya jiƙe? Na je na kai wa Iya ƙara, na ce mutumin ƙawarki ya ce a shanya kaya a cikin ruwa. Sai ta tambaye ni ko na taɓa ganin ta ajiye battar nesa da randa. Ashe matar ba rana kaɗai ta nuna mata ba, ta kuma nuna tulun ruwa ta gyaɗa kai. Dariyata ta koma ciki.

Ranar na mayar da battar tsohon ɗakin ƙasa, wanda aka mai da shi wurin ajiye buhunan gyaɗa. Na share, na dawo da randa, na zuba yashi a gindinta na jiƙa, na mai da battar gurbinta don katakon ya sha iska mai laima a hankali ya saki jiki. Kafin nan ƙanwata ta ba wani ɗan kasuwa da zai dawo Kano saƙo: ruwan bishiyar a ɗan mazubi kamar na man goge baki, wani kuma da aka riga aka haɗa da jan launi, da ɗan burushi wanda ta ce da gashin mutum ake yin sa. Lokacin da saƙon ya iso bazara ta kankama.

Duk da maganar Iya, taurin kaina bai bar ni ba sai da na gwada. Na shafa ruwan a guntayen katako biyu, ɗaya na ɗora a kan katanga a rana, ɗaya na sa cikin wata tsohuwar randa da na shimfiɗa wa jiƙaƙƙen yashi, na rufe da faifai da jiƙaƙƙen buhu. Washegari na cikin randa ya ƙame, ya yi duhu yana sheƙi. Na rana kuwa ya yi kwanaki yana danƙo, ƙudaje suna maƙalewa. Na tsaya ina kallon guntayen nan biyu, na ce lallai rashin sani ya fi dare duhu.

An gargaɗe ni cewa ɗanyen ruwan yana cin fata, na kuma sa safar hannu. Amma zafin bazara ya sa na riƙa share gumi da bayan hannu ban lura ba. Ba a jima ba fuskata ta kumbura har idanuna suka zama tsaga, hannuwana suka yi ƙuraje masu ruwa, ga ƙaiƙayin da ban taɓa jin irinsa ba. Ƙanwata ta ce in tafi asibiti, na je aka ba ni magani. Dattijon da ya ji labari wai dariya ya yi, ya ce kusan kowa da haka yake farawa, nan gaba in ruwan ya taɓa ni in goge da man gyaɗa kafin in sa sabulu, kuma in ya ƙame ba ya cutar da kowa. A gida kuwa magana ta bazu cewa battar tana da iskoki. Matata ta hana ni ɗaukar jaririnmu, ban ga laifinta ba. Shago na rufe, masu jiran gadaje suna ta aike.

A wannan hali Baffa ya same ni, wata la'asar, a ƙofar ɗakin ƙasa ina niƙa tsingaro. Likita ya gaya masa zuciyar Iya ta ƙara rauni. Ya ajiye min leda a gaba, da gam mai kamawa nan take da gwangwanin jan fenti na feshi.

"Kai, dubi fuskarka," ya ce. "Tsohuwar nan kwana nawa ya rage mata kake mana wasa da laka? Kayan Chaina ne fa. Liƙe ka fesa ka kai mata yau, ai ba gani take ba."

Na miƙe na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Idonta ne ya tafi, yatsunta suna nan. Kuma in na sa wannan gam, rani mai zuwa zai ɓalle har da inda yake lafiya."

"In ta rasu ba ka gama ba fa?"

Tambayar da ke cin raina ke nan tun da na fara. Kuma na ga idonsa ya kawo ruwa, na gane ba da ni yake faɗa ba. Ya gina ɗaki don uwarsa ta ji daɗi, garin neman gira an rasa ido, yana so a rufe ɓarnar tun tana raye. Ni ma abin da nake so ke nan, hanya ce ta raba mu. Na ce mu je wurin mai kaya ta yanke.

Iya ta saurare mu duka. Ta ce a buɗe gam ɗin ta ji, aka kai mata hanci, ta kawar da kai. Ta tambaye ni yaushe zan gama, na gaya mata gaskiya cewa ban sani ba, makonni ne, kuma ruwan bishiyar ne ke da iko da lokacinsa. Ta juya wajen Baffa ta ce tun yana goye yake da gaggawa, ko nono ba ya bari ya sauko. Sannan ta ɗaga murya ta kira mai kula da ita.

"A dama min kunu. In jira zan yi, ai sai da ƙarfi."

Ranar ta shanye kofi guda. Ni kuwa na fita da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi, don yanzu tsohuwa ta ɗaura ɗamarar jira saboda maganata. Na yi alkawari a raina ko hannuwan nan za su ruɓe sai na kai aikin ƙarshe.

Da farko na kwaɓa ruwan bishiyar da ɗan kunun fulawa ya zama gam, na riƙa tura shi da tsinke ƙarƙashin fatar da ta ɗago, ina dannawa a hankali, na ɗora ƙananan ƙullin yashi su riƙe. Yankin da Iya ta ƙulle a zani ya koma gurbinsa. Tsagar kuma na cike ta da garin tsingaro da na tankaɗe da ƙyalle na kwaɓa da ruwan. Kowane mataki sai battar ta shiga randa ta yi kwanaki. Aikina a tsakani shi ne yayyafa wa yashi ruwa safe da yamma, da duba guntun katakon gwaji da nake sawa a gefenta, don ita ba a taɓa ta. In ya ƙame in goge wurin gyaran kaɗai da gawayi mai laushi da ruwa, in sake shafi siriri. Kullum na shiga gaida Iya sai ta ce, "Maigida, ta bushe?" In ce saura. Ta ce ba ta taɓa ganin miji mai jan rai irina ba.

Sau ɗaya na karya doka. Jikin Iya ya tashi har aka kira 'yan uwa, tsoro ya kama ni, na shafa jan da kauri don in haɗe shafi biyu a ɗaya. Da na buɗe randa na tarar ya yamutse kamar fatar tsohon yalo. Na zauna a kan buhun gyaɗa na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba. Dole na jira ya ƙame har ciki, na goge shi duka, na koma baya. Gaggawar da na hana Baffa ita ta ci ni, ta kuma ƙara wa Iya kwanakin jira. Allah Ya sa ta farfaɗo. A cikin kwanakin nan ne wata safiya na zo yayyafi na tarar yashin a jiƙe. Baffa ne ya kwana a ƙauye, ya riga ni da buta. Daga ranar duk zuwan da zai yi sai ya leƙa randa.

Da shafin ƙarshe ya ƙame na goge shi da gawayi, na bi da tafin hannu ina murzawa har ya ɗauki sheƙi. Santsi ya yi, amma launin ya ba ni haushi. Wurin gyaran ya fi sauran duhu, kowa ya kalla zai gani. Na ce a tambayi dattijo ko in shafe murfin gaba ɗaya ya zama iri ɗaya. Ya ce a'a, hannun da ya yi battar ya riga ni, ba ni da hurumin rufe aikinsa. Sabon jan kuma haka yake fitowa da duhu, zai washe da kansa a hankali in an bar shi a inuwa, sai dai yana ɗaukar watanni.

Da hantsi na kai wa Iya battar, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Baffa na zaune a bakin gado. Ta karɓa da hannu biyu, ta bi gefen murfin da babban yatsa, ta zagaya, ta sake zagayawa. Sai yatsan ya tsaya daidai wurin.

"Nan ne," ta ce.

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ba ya kama yatsa, amma na san nan ne. Gara haka. In ta tambaye ni, zan ce mata ta yi ciwo a hannuna, mun kuma yi jinya." Ta buɗe murfin ta shinshina. "A kawo min garwashi."

Ƙamshin da ya tashi a ɗakin nan har zaure aka ji shi. Baffa ya fita waje da sauri, wai zai duba ko an kwashe shanya.

Iya ta rasu a tsakiyar daminar nan, gero ya fara fitar da kai. Ta bar wasiyya a ba maigida marar cefane battar, da sharaɗin ta zauna kusa da randa. Ɗakin ƙasan nan da aka so rushewa har yau yana tsaye, ni nake yaɓe shi duk shekara. Bayan kaka na warware ƙyallen don in duba ta, na tarar jan ya washe kamar yadda dattijon ya faɗa, sai ka ƙura ido kafin ka gane wurin. Na kira Baffa ya gani. Ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya ce da ya tambaye ta kafin ya kwashe mata kaya, da duk haka ba ta faru ba.

Darasin da na ɗauka ke nan, kuma da shi nake aiki har yau. Son mutum ba ya isa in ba ka tambaye shi yadda yake ajiye kayansa ba, kuma abin da ka saba da shi ba shi ne dokar duniya ba. Mun so Iya, mun kuma san shanya, da su biyun muka kusa hallaka amanarta. Yanzu duk wanda ya kawo min tsohon abu gyara, kafin in ɗauki ko da tsinke, sai na tambaye shi inda mai shi yake ajiye shi, da dalilin da ya sa.